'Yata ta fi neman kakarta a kaina, in ajiye aiki ne?

Maman Nana:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Don Allah shawara nake nema, abin ya tsaya mini a rai. 'Yata ta fari watanta tara. Tun da hutun haihuwa ya ƙare na koma koyarwa, wajen Hajiya mahaifiyar maigidana nake barin ta, gida ɗaya muke, sashe ne kowa da nasa. Ina fita da sassafe, sai bayan azahar nake dawowa, wata rana har la'asar. To yanzu in ta faɗi ko wani abu ya firgita ta, ko ina zaune a wurin, Hajiya take miƙa wa hannu. Shekaranjiya zazzaɓi ya rufe ta cikin dare, na yi jijjiga har hannuna ya sage, ba ta yi shiru ba sai da aka ƙwanƙwasa wa Hajiya ƙofa. Ni nono kawai take nema a wurina. Wallahi ɗaki na shige na yi ta kuka. Shin na rasa ta ke nan? In ajiye aikin ne?

Sista Rabi:
Wa alaikumus salam. Kafin komai ƙanwata, zazzaɓin fa? An kai ta an yi gwajin maleriya? Jaririn wata tara ba a zuba masa ido da zazzaɓin dare.

Maman Nana:
An kai ta Sista, maleriya ce, tana shan magani, jikin da sauƙi.

Hajiya Umma:
Allah ya ƙara sauƙi. 'Yata share hawayenki. Mu da muka yi haihuwa a gidan yawa, ɗan fari ai dama na kaka ne. Ni nawa har yau ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, in zan ba shi nono sai na shige ƙuryar ɗaki, da ya ƙoshi a zo a ɗauke shi. A bayan uwar mijina ya girma. Yau ga shi da furfura, shi ke ɗauke da ni, bai taɓa ruɗewa a kan wace ce ta haife shi ba. Ke da Allah ya ba ki suruka mai tashi tsakar dare saboda 'yarki, godiya ya kamata ki yi. Ɗa na kowa ne.

Ummu Safwan:
Hajiya, ba musu nake yi da ke ba, Allah ya ƙara girma. Amma kunyar ɗan fari ba kowa ta yi wa daɗi ba. Ni 'yar fari ce. Ƙannena suna zama su jingina da Innarmu su yi hira har dare, ni kuwa in muka keɓe mu biyu daga gaisuwa sai shiru. Ina son ta, na san tana so na, amma akwai abin da bai ginu ba tun ina ƙarama, kuma na kasa gina shi da girma. Shi ya sa na fahimci tsoron Maman Nana.

Hajiya Umma:
Wa ya riƙe ki kina jaririya, 'yata?

Ummu Safwan:
Kakata ta wajen uba. Ta rasu ina shekara huɗu. Daga nan sai aka yi ta yawo da ni, wata shida wajen wannan goggo, shekara wajen waccan.

Hajiya Umma:
Allah ya jiƙanta. To kin ga inda aka samu matsalar.

Malama Dije:
Salamu alaikum. Na karanta tun daga sama, kuma wannan fanni ne da nake koyarwa, don haka ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Maman Nana, abin da 'yarki ke yi alamar lafiya ce. Daga wajen wata shida zuwa tara jariri yake fara tantance mutanensa, ya fara ƙiwa, ya zaɓi wanda zai gudu wurinsa in ya tsorata ko jikinsa ya yi zafi. Da a ce Nana ba ta da kowa da take miƙa wa hannu, kowa ya ɗauke ta duk ɗaya ne a wurinta, ko ta faɗi ba ta nemi kowa ba, wannan ne zai sa ni damuwa.

Wanda ya fara tsara wannan ilimi na shaƙuwar jariri da mai rainonsa wani likitan ƙwaƙwalwa ne ɗan Ingila, John Bowlby. Bayan yaƙin duniya na biyu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi ya yi nazari kan yaran da suka rasa gidajensu, ya fitar da rahoto a 1951. Kafin shi masana da yawa sun ɗauka jariri yana son uwa ne don ita ke ba shi abinci. Bowlby ya ce neman kusanci da mai kula da kai buƙata ce mai zaman kanta. A shekarun 1950 ɗin dai, Harry Harlow a Amurka ya gwada da jariran birai: ya yi musu uwar waya mai ɗauke da bulumboti, da uwar da aka lulluɓe da tsumma mai laushi wadda ba ta da abinci. Sai su je su sha madara a gurguje, su koma su maƙale wa mai tsumman, kuma in aka tsorata su wurinta suke gudu. Gwaji ne na rashin tausayi, yau ba za a bari a yi shi haka ba, amma ya nuna ciyarwa daban, natsuwa daban.

Abin da zai fi ba ku sha'awa shi ne an yi irin wannan bincike a kan jariran Hausawa. Robert Marvin da Robert LeVine da Sarah LeVine da abokan aikinsu sun bi jarirai 18 a wani gari na ƙasar Hausa, aka buga sakamakon a 1977. Sun tarar kowane jariri ya shaƙu da mutum uku zuwa huɗu a gidan, har da uba, amma a cikinsu akwai ɗaya da ya fi nema, kuma wannan ɗayan shi ne wanda ya fi ɗaukarsa da yi masa wasa. Ba kullum ne uwar da ta haife shi ba, ko da yake ita ke shayar da shi tana yi masa wanka. Wato abin da ke faruwa a gidanku, an gan shi a rubuce tun kafin a haife ki. Kina cikin mutanenta, Hajiya ce dai a sahun gaba a yanzu saboda ita ke tare da ita mafi yawan sa'o'in da take farke. Wannan jeri kuma yana canzawa yayin da yaro ke girma.

Baban Khalil:
Malama Allah ya saka da alheri. Amma ni ina ɗar-ɗar da irin waɗannan bincike na Turawa. Su da uwa ɗaya ke kulle a gida da jariri ɗaya, ta yaya ma'auninsu zai auna gidan da ke da kishiyoyi da kakanni da 'yan raino?

Malama Dije:
Tambayarka a kan hanya take, kuma masanan kansu suna wannan gardamar har yau. Sai dai ka sani tushen abin ba a Turai kaɗai aka haƙo shi ba. Mary Ainsworth, wadda ta yi aiki da Bowlby, a Yuganda ta fara lura da jarirai, a ƙauyukan da ke kewaye da Kampala, a 1954 zuwa 1955. Tana shiga gidajen ƙabilar Baganda tana zama tana kallo. A can ta ga yadda yaro mai rarrafe yake barin cinyar uwa ya tafi ya taɓa wannan ya taɓa wancan, ya waiwayo, ya dawo ya taɓa ta, ya sake tafiya. Sai daga baya ta koma birnin Baltimore na Amurka ta tsara gwajin da ake fitar da uwa daga ɗaki na 'yan mintoci a ga yadda yaro zai karɓe ta in ta dawo. Shi wannan gwaji na ɗakin bincike, na yarda ba lallai ya dace da yaron da ya saba da hannu goma ba. Amma cewa jariri yana buƙatar wani tsayayye da zai amsa kukansa, ba a je wata al'umma an tarar ba haka ba.

Malam Abu Ammar:
Bismillah. Ina so in ƙara ta fuskar addini, don kada 'yar'uwarmu ta ɗauka rainon wani naƙasa ne ga uwa. Manzon Allah (SAW) kansa Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da shi a ƙauyen Banu Sa'ad, kuma bayan rasuwar mahaifiyarsa Ummu Aiman ta kula da shi. Aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku ga wanda ya so cikawa, ita ce kuma ta halatta a nemi mai shayarwa.

Amma Hajiya Umma, da girmamawa, akwai gefen da al'adarmu ta yi tsauri fiye da sunna. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, sai Aƙra'u ɗan Habis ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi ya ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Ya yi salla yana ɗauke da Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Kuma ya ce yakan shiga salla da nufin tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro ya taƙaita saboda sanin halin da uwar za ta shiga. Kukan jariri ya rage tsawon sallar jam'i. Don haka masu cewa a bar shi ya yi ta kuka kada ya saba da hannu, ban san inda suka samo ba.

Hajiya Umma:
Malam ban ƙi ba. Amma ku yaran yanzu kuna ɗauka kunya ƙiyayya ce. A ɗaki cikin dare, in ba kowa, wa ya gaya muku ba ma rungume su? Kuma yaron ba a ƙasa yake ba, daga wannan baya sai wancan baya. Mu jaririnmu bai san kwanciya shi kaɗai ba. Ku da ba ku kunyar, ga shi nan kuna shayarwa ido na kan waya.

Sista Rabi:
Wallahi Hajiya kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ranar rigakafi ku zo ku ga layi. Uwa ta sa wa jariri nono, shi yana kallon fuskarta yana neman ido, ita tana can Facebook. Jariri sabon haihuwa ya fi gani sosai a tazarar da ke tsakanin ƙirji da fuskar mai shayarwa ba, kamar santimita 20 zuwa 30, kuma ya san muryar uwarsa tun yana ciki. An halicce shi ne a shirye don wannan kallon.

Maman Nana, ga abin da nake gaya wa ma'aikata irinki. In kin dawo kada ki wuce kicin kai tsaye. Wanke hannu, ki zauna a ƙasa inda take, a ɗakin Hajiya ma ya fi, kada ki fizge ta daga bayan kakarta. Ki bari ita ta rarrafo. Wankan yamma ya zama naki, kwanciyar dare naki, goyon safiyar Asabar da Lahadi naki. In ta yi gwaranci ki amsa mata, in ta nuna abu da yatsa ki kalli abin ki faɗa mata sunansa. Ba sai kin yi wani abu na musamman ba, maimaitawar ce ke aiki.

Sannan ina tambayarki a gaban kowa don wasu su amfana: kukan nan da kika yi, na ranar ne kawai, ko kin daɗe kina jin ƙunci, barci ba ya zuwa ko da ta yi barci, abinci ba ya shiga, kina jin ke ba uwar kirki ba ce? In haka ne ki same ni ta akwatin sirri. Ciwon damuwa bayan haihuwa gaskiya ne, yana da magani, kuma yana iya zuwa watanni bayan an gama wankan jego.

Maman Nana:
Na gode Sista. Zan yi miki magana.

Malama Dije:
Batun wayar nan akwai gwajin da ya dace da shi. Edward Tronick a shekarun 1970 ya sa iyaye mata su yi wasa da jariransu, sannan su daskarar da fuska na 'yan mintoci, ba murmushi ba magana. Jaririn zai yi murmushi, ya yi ƙara, ya miƙa hannu, in duk bai yi ba sai ya kau da kai ya fashe da kuka. Da uwar ta saki fuska kuma sai su shirya. Tronick ya nanata cewa ko tsakanin uwa da jaririn da ke lafiya lau, lokutan saɓani sun fi na daidaituwa yawa, gyarawar ce muhimmiya. Don haka ba ana cewa ki zuba masa ido awa ashirin da huɗu ba ne.

Maman Tagwaye:
Ni dai tambayata a kan 'yan aiki ce. Ba kowa ke da suruka a gida ba. Ina Abuja, daga haihuwar tagwayena zuwa yanzu 'yan raino sun yi ta zuwa suna tafiya, wata iyayenta su karɓe ta za a yi mata aure, wata ta tafi salla ba ta dawo ba. Duk wadda ta tafi sai Hassana ta yi kwanaki ba ta cin abinci.

Hajiya Umma:
Sabo ake yi wa kuka.

Malama Dije:
Wannan ya fi na Maman Nana buƙatar kulawa. Yawan masu raino ba ya cutarwa in fuskokin ba sa canzawa. Abin da ke gajiyar da zuciyar yaro shi ne ya shaƙu, a ɗauke, ya sake shaƙuwa, a sake ɗaukewa, irin abin da Ummu Safwan ta ba da labari. Mafi munin misali shi ne gidajen marayun Romaniya da duniya ta gani bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a 1989: ana ba su abinci, amma ma'aikaciya ɗaya ga jarirai da yawa, kuma ana ta sauya su. Binciken da aka yi a Bukares kan yara 136 ya nuna waɗanda aka mayar hannun iyalai kafin su kai kimanin shekara biyu sun fi samun shaƙuwa mai ƙarfi fiye da waɗanda aka jinkirta. Naki bai kusa da wannan ba ko kaɗan, domin ke kina nan kullum, ke ce ba ki canzawa. Amma in da hali ki nemi babbar mace mai zama, ki biya ta da kyau, ya fi yarinya 'yar shekara goma sha biyu wadda ita ma raino take buƙata, kuma makaranta ya kamata a ce tana.

Maman Tagwaye:
Maganar gaskiya ce. Kuɗin ne dai.

Baban Khalil:
A nan ne nake ganin laifinmu maza. Ana ta lissafin kaka da 'yar aiki, uban yana majalisa har sha ɗayan dare. Tun da Malama ta ce a binciken nan har uba yana cikin waɗanda jariri ke nema, to ashe muna da gurbi. Ni in na dawo daga kasuwa nakan ɗora Khalil a kafaɗa mu je sallar isha, abokai suna cewa na zama mijin tace. Yanzu in ya ji ƙarar babur ɗina tun daga lungu yake ihu. Kuma a dubi hutun haihuwa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla wata shida, Dokar Ƙwadago ta Nijeriya kuwa mako 12 ta tanada. Jihar Kaduna ta mayar da na ma'aikatanta wata shida a 2019. In wasu jihohi sun iya, sauran me suke jira?

Inna 'Yar Maraɗi:
Sannunku da hira. Tun da ga masana a kusa, ku yi mini maganar yaye. Mu nan in yaro ya isa yaye, da asuba ake ɗaukarsa a kai shi gidan kaka, wani lokaci wani gari, uwar ba za ta leƙa ba sai ya manta nono. Jikana wata goma sha tara gare shi, bayan salla za a kawo mini shi. Ɗiyata tana ta kuka tun yanzu, ni kuma haka aka yi mini, haka na yi.

Hajiya Umma:
Haka ake yi ko'ina. Kwana uku ya yi rigima, na huɗu ya ware. In yana ganin uwar ba zai taɓa haƙura ba, ita ma nonon ba zai kafe ba.

Malama Dije:
Hajiyata, a nan kam zan saɓa miki. James Robertson, abokin aikin Bowlby, ya lura da ƙananan yaran da ake kwantarwa a asibitocin Ingila a farkon shekarun 1950, lokacin da ba a barin iyaye su zauna da su. Ya ga mataki uku. Da farko yaro zai yi ta ihu yana neman uwa. Sannan ya yi laushi, ya yi shiru, ya daina nema, ma'aikata su ce ya saba. In abin ya daɗe, uwar ta zo ya kau da kai kamar bai san ta ba. Wannan shirun na kwana na huɗu ba kullum ne haƙuri ba, wani lokacin fid da rai ne. Aikinsa na cikin abin da ya sa asibitocin can suka fara barin iyaye su kwana da 'ya'yansu.

Amma shi Robertson ɗin da matarsa Joyce sun karɓi wasu yara a gidansu lokacin da iyayensu mata suka je haihuwa. Sun fara sabawa da yaran tukuna, an kawo su da kayan wasansu da bargonsu, uba yana zuwa dubiya, ana yi musu maganar uwarsu. Waɗannan sun jure rabuwar fiye da wanda aka kai inda bai san kowa ba. Don haka tambayar ita ce, Inna, jikan nan ya san ki?

Inna 'Yar Maraɗi:
A Damagaram suke zaune. Rabona da shi tun yana wata bakwai.

Sista Rabi:
To Inna, a ce rana ɗaya ya rasa nono, ya rasa uwa, ya rasa ɗakin da ya sani, ya farka a hannun wadda bai gane ba. Ga shi lokacin yaye ne yara suka fi faɗawa tamowa, domin yaron da ke cikin ƙunci ba ya karɓar abinci, in gudawa ta haɗu da shi sai ya zube. Muna ganinsu a asibiti, in ka tambaya a ce ai yaye aka kai shi. In so samu ne a bar shi ya cika shekara biyun. In kuma dole ne yanzu, a fara rage na rana ɗaya bayan ɗaya, ana maye gurbinsa da kunun gyaɗa, da wake, da ƙwai, da ɗan kifi, na dare ya zama na ƙarshe. Rage shi a hankali ya fi wa uwar ma sauƙi, nono ba zai cika ya yi mata tsami ba. Kuma don Allah ban da shafa maɗaci ko barkono.

Hajiya Umma:
Ni dai duk nawa haka na yaye su, kuma ban ga abin da ya same su ba. Sai dai gaskiya kakarsu a gida ɗaya muke, katanga ce tsakani, a hannunta suke wuni tun suna tsumma.

Inna 'Yar Maraɗi:
To in ni na tafi Damagaram ɗin fa, in zauna da su, ya riƙa kwana a bayana uwar tana gidan?

Sista Rabi:
Hakan ya fi, Inna. Ki je tun kafin a fara, ki ba shi kamar mako biyu ya san hannunki, ke ce mai ba shi kunu, ke ce mai goyo. In aka zo cire na daren sai ya kwana wurinki, da safe ya ga uwarsa. In kika ga ya ƙi abinci kwana biyu a jere, ko gudawa, ko ƙafa ta fara kumbura, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a kai shi asibiti a auna shi.

Inna 'Yar Maraɗi:
Zan yi magana da mijinta, don shi ne ya matsa a kawo shi. Malam Abu Ammar, in ya ƙi ji zan turo maka shi ka karanta masa ayar nan ta shekara biyu.

Malam Abu Ammar:
Ki turo shi Inna. Ayar ma cewa ta yi in za a yaye kafin lokacin, sai da yardar su biyun da shawara tsakaninsu, ba shi kaɗai ba.